Gansakuka: a Unguwar Sanusi kankare ta ake yi, a Japan sai da izini ake kallonta

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a Kaduna, gindin katangu a lungunan Unguwar Sanusi kan koma kore shar. Bakin rijiya, bayan banɗaki, ƙarƙashin indararo, duk inda rana ba ta daɗewa gansakuka ta kama. Matan gida su ɗauko tsintsiya da omo su kankare, kafin damina ta ƙare ta dawo.

A birnin Kyoto na Japan kuwa, akwai wurin bautar mabiya Buda mai suna Saiho-ji, wanda gansakuka kusan iri 120 ta lulluɓe lambunsa. Tun 1977 sai mutum ya nemi izini kafin ya shiga, saboda cunkoson 'yan kallo na lalata ta. A Ingila ma masu lambu kan shafa wa sabon dutse yogot don ta fito, ya yi kama da tsohon gini. Mai shafa yogot a katangar Kaduna dai ƙuda zai fara tarawa.

Abin da muke haɗawa mu kira gansakuka iri-iri ne. Akwai mai santsi, akwai mai laushi kamar darduma wadda ba ta da saiwa, ta jikinta take shan ruwa. Sai ta uku, wadda Turawa ke kira laikin, wato tabo-tabon nan masu launin toka ko ruwan ɗorawa da ke manne a manyan duwatsu irin Kufena a Zariya. Halittu biyu ne a jiki ɗaya: dangin funfuna ke ba da mafaka, ƙananan tsirrai masu kore na samar da abinci daga hasken rana. Wani masani ɗan Siwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana haka a 1867. 'Yan milimitoci take ƙaruwa a shekara, kuma yawancin ire-irenta ba sa jure hayaƙi mai farar wuta, shi ya sa masana ke auna tsabtar iskar gari da ita. A birnin da janareto ke kwana yana ruri, yawanta ko ƙarancinta abin lura ne.

Mai son ta fito a dutsen adon gidansa zai nemi dutse mai kaushi, ya ajiye shi a inuwa, yana yayyafa masa ruwan sama, ya daina wanke shi. Hunturu zai busar da ita kamar ta mutu, ruwan fari ya farfaɗo da ita.

Katangar ɗaki kuma wani zance ne. Koren da ke hawa daga gindin bulo shaida ce cewa ginin na shan ruwa, daga kwata, ko fashewar bututu, ko indararon da ke zuba a jikinsa. Kankarewa ba ta hana filasta ruɓewa, sai an toshe hanyar ruwan. Ta bakin rijiya da banɗaki kuwa gara a cire ta nan take, musamman a gidan da akwai tsofaffi ko mai juna biyu.