Tsangayar Shari'a da Muhawarar Ɗalibanta

A jami'o'in Arewacin Najeriya ba a rasa gane ɗaliban tsangayar shari'a, domin shigarsu ta fari da baƙi ce. Shekara biyar suke yi kafin su sami digiri, sannan su wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, su ƙara shekara guda kafin su iya tsayawa gaban alƙali. A wata tsangaya irin wannan, ɗalibi kan shiga darasin dokar kwangila irin ta Ingila da safe, bayan azahar kuma ya buɗe Risala ko Mukhtasar yana lissafin gado bisa mazhabar Malikiyya.

Wannan haɗi yana da asali, kuma da shi malamai kan fara. A 1958, ana gab da samun 'yancin kai, ƙananan ƙabilu da Turawan mulki suna ɗari-ɗari da kotunan alƙalai. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kira kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka sami kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960. An kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Laifuffuka suka koma ƙarƙashin kundin, aka bar wa fiƙihu aure da saki da gado da makamantansu. Abin da ɗalibi ke fahimta a nan shi ne, kundin da yake haddacewa sulhu ne na 'yan siyasa kafin ya zama karatun jarrabawa.

A kotun gwaji wannan fahimta ke nuna kanta. Akan raba ɗalibai gida biyu, malami ya hau kujerar alƙali, a ba kowane ɓangare matsayin da zai kare ko da bai yarda da shi ba. Batun da ba ya tsufa shi ne matakin Zamfara na faɗaɗa shari'ar Musulunci, wanda aka shelanta a 1999, ya fara aiki a 2000, har jihohi 12 suka bi wannan hanya. Masu suka kan riƙe sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Masu karewa kan kafa hujja da sashe na 38 na 'yancin addini da kuma ikon majalisun jihohi na yin doka. Sau da yawa wanda ya fi iya baki ke burge 'yan kallo, amma maki na wanda ya kawo hukuncin kotun sama ne.

Wasu dokokin sun fi taɓa ɗalibai a gida. Ɗan manomi da ya karanta dokar filaye ta 1978 yakan gane cewa gonar da ya gada tun kaka da kakanni, a idon doka, tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma ana iya karɓe ta don amfanin jama'a a biya diyya. Sarauta ma haka take: majalisar dokokin Kano ta raba masarautar gida biyar a 2019, a 2024 kuma ta soke wannan doka. Ko finafinan Hausa da ake kallo a ɗakunan kwana sai sun bi ta hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001.

Ba mamaki zaɓen ƙungiyar ɗaliban tsangayar ya fi na ko'ina ƙorafi da jayayya kan ƙa'ida, don kowa gwada karatunsa yake yi. Da yawansu ma majalisa suke hange, ba kotu ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2018, ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai ko majalisar dokokin jiharsa.