Targaɗen Idon Sawu: Abin da Manhajar Waya Ke Iyawa da Abin da Ake Ƙara Mata

Magana biyu ke yawo a bakin filin ƙwallo duk lokacin da yaro ya gurɗe ƙafa. Abokansa su ce ya sauke manhaja a waya, za ta duba shi ta ba shi magani, ba sai an ɓata kuɗi a asibiti ba. A gida kuwa a ce shirmen zamani ne, a kai shi wurin mai ɗori a ja ƙafar, a gasa da ruwan zafi. Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya, ya cika sauran da ƙari.

Cewa waya na iya bambanta targaɗe da karaya ba gaskiya ba ne. Targaɗe rauni ne a jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, yawanci na gefen waje, lokacin da tafin ƙafa ya lanƙwashe ciki. Kumburinsa da zafinsa na iya kama da na tsagewar ƙashi. Tun 1992 likitoci a Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar da ƙa'idar da asibitoci da yawa ke bi: idan mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya ji zafi sosai in an danna kan ƙashin idon sawun ta baya ko ta ƙasansa, a ɗauki hoton ƙashi. Manhaja na iya jero maka waɗannan tambayoyi, amma ba ta da yatsan da za ta danna. Ga yara kuwa akwai ƙarin dalilin zuwa asibiti, domin ƙarshen ƙasusuwansu bai gama ƙwari ba, nan ne ƙashin ke tsawo.

Shin manhajar ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, sai dai ba inda ake zato ba. A wani nazari da aka wallafa a 2009, masu bincike a ƙasar Holan sun bibiyi 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe. An bai wa rabinsu atisayen tsayuwa na mako 8 su yi a gida. A cikin shekara guda, kashi 22 cikin 100 na masu atisayen ne suka sake gurɗewa, alhali a ɗaya rukunin kashi 33 ne. Daga baya aka zuba wannan atisaye cikin wata manhaja mai suna Versterk je Enkel, aka kuma gwada ta da ɗan littafin takarda mai ɗauke da darasi iri ɗaya. Sakamakon ya ba masu tallar fasaha kunya: masu waya da masu takarda sun yi kunnen doki, a bin tsarin da kuma a sake jin rauni. Ashe atisayen ne ke aiki. Aikin wayar shi ne ta nuna yadda ake yi a bidiyo, ta kuma tuna wa mai mantuwa, wanda ga ɗan shekara 15 ba ƙaramin abu ba ne.

Atisayen ba ya buƙatar ko sisi. Idan zafi ya lafa, yaro ya tsaya da ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai, kusa da bango, na rabin minti. Da farko za ka ga yatsun suna ƙoƙarin kama ƙasa, idon sawun yana rawa, hannu yana neman bango. Bayan kwanaki sai ya yi da ido a rufe, sannan a kan matashin kai, sannan yana cafe ƙwallon da ƙaninsa ke jefo masa. Dalili shi ne targaɗe na dagula saƙon da ƙafa ke aika wa ƙwaƙwalwa game da inda take. Zafi na iya tafiya a mako biyu, wannan saƙon bai daidaita ba, shi ya sa ake cewa wane ƙafarsa ta saba gurɗewa.

Batun kwanciya makonni kuma, wannan tsohon yayi ne. Kwana biyu ko uku na farko a ɗaga ƙafar sama, a naɗe ta da bandeji ba tare da matsewa ba, sannan a fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari. Ƙanƙara na rage raɗaɗi, amma Dakta Gabe Mirkin, wanda ya yayata amfani da ita a 1978, ya fito a 2014 ya ce tana iya jinkirta warkewa. Gashi da ruwan zafi da murza a ranakun farko ƙara kumburi suke yi. Ja kuwa babu abin da zai mayar, tunda ba ƙashi ne ya goce ba.

Iyaye da masu horar da yara, ku kula da wannan: idan bayan ɗauri yatsun suka yi sanyi, suka canza launi ko suka mutu, a kwance nan take a tafi asibiti. Haka nan idan yaro bai iya takawa ba, a ajiye wayar a nemi likita.