Ciwon da awon jini ba ya gani

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama ma'aikaci, ɗigon jini ya isa a gane abin da ke damunsa. Larurar ƙwaƙwalwa ba ta da irin wannan awo. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da ciwon damuwa. Likita yana dogara ne da bayanin majinyaci, da abin da iyalinsa suka lura da shi, da daɗewar alamun.

Kundi biyu likitoci suka fi aiki da su: DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022. Ba a kan komai bakinsu ya zo ɗaya ba. Kafin a ce mutum na da sikizofreniya, larurar da ke sa jin muryoyi da ruɗewar tunani, kundin Amurka yana so a ga alamu na wata shida, na Hukumar kuwa wata ɗaya ya wadatar. Ciwon damuwa kuma, a kundin Amurka, alamu biyar ne cikin tara na tsawon mako biyu. Ke nan mutum biyu na iya ɗaukar suna guda alhali alama ɗaya tak ta haɗa su.

Harshe ma yana ƙara wa aikin nauyi. A bakin jama'a kalmar hauka ta haɗiye komai, don haka majinyaci ya gwammace ya ce kansa na zafi ko wani abu na yawo a jikinsa. A 1960 likita Raymond Prince ya bayyana irin waɗannan koke-koke a tsakanin ɗaliban Najeriya da sunan gajiyar ƙwaƙwalwa. Yau likitoci da dama suna ganin damuwa ce ko fargaba ta fito ta hanyar jiki.

Ita kanta doka ta daɗe da tsohon suna. Dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa.

Ga ma'aikacin gwamnati, sunan da likita ya rubuta shi ke buɗe ƙofar hutun jinya da magani, shi ne kuma ake tsoron ya zauna a fayil. Ko matsananciyar gajiyar aiki, ICD-11 ya lissafa ta a matsayin matsalar wurin aiki, bai kira ta cuta ba. Saboda haka ƙwararren likita ba ya gaggawar sanya suna. Yakan fara duba ko ciwon maƙoƙo ne ko illar wani magani, ya sake ganin majinyaci, wani lokaci ma ya sauya sunan idan sabuwar alama ta bayyana.