Ma'aunin Shari'a Wajen Zaɓen Dillalin Hannun Jari na Intanet

Ɗan kasuwar Birnin Kudu ko manomin Gwaram mai niyyar sayen hannun jari ta manhajar waya, wajibi ne ya auna abubuwa uku. Na farko ladan dillali: sharaɗin ingancinsa a san adadinsa tun kafin ƙulla ciniki, kuma araharsa ba ta halatta rancen saye mai kuɗin ruwa. Na biyu amana: dillalin ya kasance da rajistar hukumar SEC. Na uku kamfanin da za a saya: asalin sana'arsa ta zama halal, kuma a ma'aunin AAOIFI bashinsa mai ruwa kada ya haura kashi 30 cikin ɗari na darajarsa, haramtaccen kuɗin shigarsa kashi 5, wanda ake fitarwa sadaka. Mai gudun shubuha yana da Sukuk na Gwamnatin Tarayya, da aka fara fitarwa a 2017.