Warin Fetur a Tsohuwar Mota: Haɗarin da Ke Ɓoye a Kafireta

Har yau Peugeot 504 ba ta bar hanya ba. Motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna ta shafe shekaru tana harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975, tana nan tana jigilar fasinja da buhuna zuwa kasuwannin ƙauye. Haka ma Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas, wadda wasu ke adanawa don sha'awa. Yawancin waɗannan motoci da kafireta suke aiki, kuma masu su sun saba da warin fetur har suna cewa ai halin tsohuwar mota ne. Lafiyayyar mota, komai tsufanta, ba ta zubar da mai. In wari ya yi ƙarfi, akwai inda ke yoyo.

Abin tsoron shi ne tururin. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a cikin tsananin sanyi, kuma tururin ya fi iska nauyi, don haka yake kwanciya a ƙarƙashin bonet da kan daɓen gareji. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi da ta tsage ya isa.

A cikin kafireta akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da fulot da ke iyo a kansa, da allura mai toshe ƙofar shigar man. Aikinsu irin na ƙwallon tankin ruwa ne: in kofi ya cika, fulot ya taso ya danna allura, mai ya tsaya. Ƙwayar yashi ko ɓarɓashin tsatsa daga tanki kan maƙale a bakin allurar, ko bakin ya cinye, sai mai ya yi ta shiga har ya tumbatsa. Fulot na tagulla kuma kan huje ya sha mai ya nutse. Gane shi ba wuya: a girgiza shi kusa da kunne, in an ji ruwa a ciki ya mutu. Mota mai wannan ciwo tana baƙin hayaƙi, tana wahalar tashi in ta yi zafi, tana shan mai fiye da ƙima, wani lokaci har a ji warin fetur a jikin sandar awon baƙin mai.

Sauran wuraren yoyo a fili suke: gasket ɗin murfi da ya bushe, 'yar robar da ke tsarto mai in an taka totur, da tiyon da ke kawo fetur. Tiyo kan nuna lafiya a waje alhali ya tsattsage a bakin da aka ɗaure shi. Man zamani ma bai raga wa tsohuwar roba ba, domin sinadaran ethanol da methanol suna cin ta. Shi ya sa aka gargaɗi masu tsofaffin motoci lokacin da Birtaniya ta koma man E10 mai ethanol a 2021. A Najeriya ma, a watan Fabrairun 2022, hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai methanol fiye da ƙa'ida.

Beetle tana da nata rauni. Ɗan bututun tagulla da mai ke shiga kafireta ta cikinsa cusa shi kawai aka yi, kuma da tsufa yakan zare, fetur ya feshe kan injin da ke aiki. Rataya matatar mai a kan tiyon da ke wannan wuri na ƙara masa nauyi. Ga shi injin a baya yake, direba ba ya ganin wuta sai ta yi nisa.

Gyaran gefen titi ma yana ƙona motoci. Wani ya shafa sabulu a wurin yoyo, wani ya ɗaure tiyo da waya ko robar tayar keke, wani ya aje galan a cikin mota ya ja tiyo kai tsaye. Akwai masu cika gasket da gam na silikon, wanda fetur ke narkarwa ya je ya toshe ramukan mai. Akwai masu ɗaure sukurori da dukkan ƙarfinsu, har murfin, da yake ƙarfensa mai taushi ne, ya lanƙwashe, yoyo ya ƙaru. Mafi muni shi ne sa famfon mai na motar injekta: kafireta ƙarfin turi kaɗan take buƙata, wajen psi 2 zuwa 4, shi kuwa wancan yakan kai 40, babu allurar da za ta iya tare shi.

Gyara na gaskiya yana farawa da barin inji ya huce a fili mai iska, a cire kan batir na nagetif, a nisanta sigari da duk wata wuta. A goge kafireta ta bushe don a ga daga inda jiƙa ke farawa. A sa sabuwar allura da gasket, a daidaita tsayin fulot bisa ma'aunin motar, a sayi tiyon da aka yi don fetur, ba na ruwa ba, a ɗaure shi da kilif mai sukuru. Idan tanki na da tsatsa, dole a wanke shi a canza matata, in ba haka ba ciwon zai dawo. Bayan an mayar da batir an tada mota, a tsaya ana kallo na wasu mintuna, a sake dubawa bayan an kashe ta.

Idan wuta ta riga ta kama, a kashe makulli, a fitar da kowa, kada a bankaɗe bonet gaba ɗaya domin iska na ƙara mata ƙarfi. Ruwa yana yaɗa wutar fetur, a Beetle kuwa, da yake gangar injinta na da magnesium, ruwa na iya ƙara rura ta. Abin da ke aiki shi ne tukunyar kashe gobara mai hoda, irin wadda jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya, ko yashi. A aje ta inda hannun direba zai kai, a kuma riƙa duba ranar ƙarewar aikinta.