Yadda ake samun magajin gari a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

A Nijeriya mai ƙuri'a yana zaɓen ciyaman da hannunsa. A Nijar ba haka tsarin yake ba. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 har zuwa 2024, talaka jerin sunayen jam'iyya yake dangwala wa, a raba kujerun kansiloli gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu. Daga nan kansilolin su shiga zaure su fitar da magajin gari da mataimakansa daga cikinsu, ta ƙuri'ar asiri. Haka aka yi a 2011, haka kuma bayan zaɓen 13 ga Disamba 2020.

Ƙananan hukumomi tara ne a waɗannan gundumomi uku na jihar Maraɗi: Agiye da Cadawa, Gazawa da Gangara, sai Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Kafin 2024 kowace da majalisarta, kujeru daga 11 zuwa 25 bisa yawan jama'a.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, jam'iyyar da ta zo ta ɗaya tana iya wayar gari ba ta da magajin gari. A ƙaddara majalisa mai kujeru 15: wannan tana da 6, waccan 5, wata 3, wata 1. Mai shida ta yi ta buga ganga, amma in mai biyar ta shawo kan mai uku, an gama. A wancan lokacin da kowace jam'iyya ke da tungarta, PNDS Tarayya, MNSD Nasara, RSD Gaskiya ta Shehu Amadu, CPR Inganci ta Kasum Muktar, CDS Rahama, ba kullum ɗaya ke haye rabi ita kaɗai ba. Shi ya sa mai kujera biyu ko uku yake zama budurwar da kowa ke zawarci.

Sadakin kuwa sananne ne: kujerar mataimaki na ɗaya, shugabancin kwamitin kuɗi, alƙawarin rijiya ko aji a ƙauyen kansila. Wani lokaci cinikin ya wuce gari guda, a ce ku ba mu nan, mu bar muku can. Uwar jam'iyya a Yamai takan aiko da umarni a bi ƙawancen ƙasa, amma kansilan da ya san da wa zai haɗu a kasuwa da wurin suna yana da nasa lissafin, ƙuri'a kuma ta asiri ce. Wannan tsoron ne ke haifar da labaran da ake yawan ji, na kwashe kansiloli a ɓoye su har ranar zaɓe, ko a sa su dafa Alƙur'ani.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ƙara wani ƙulli: mai neman kujerar sai yana da takardar kammala ƙaramar sakandare ta BEPC ko daidai da ita. A karkara wannan kan rage 'yan takara ƙwarai, har jam'iyya mai rinjaye ta rasa wanda za ta tsayar in ba ta yi tanadi tun wajen rubuta jerin sunaye ba. Sarakuna, irin su Sarkin Gobir na Tsibiri, suna da zama a majalisa, sai dai shawara ce tasu, ba su jefa ƙuri'a. Amma wanda ya ɗauka rashin ƙuri'a rashin tasiri ne, bai san ƙasar ba.

Hawa kujerar ma ba kwanciyar hankali ba ne. Kansiloli na iya kawo ƙuri'ar yanke ƙauna idan ƙawance ya tsage, gwamnati kuma tana da ikon tsigewa. Misali, Umaru Dogari na jam'iyyar Lumana an sauke shi daga shugabancin birnin Yamai a 2013, ya dawo a 2021.

Yanzu dai zauren a rufe yake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Janar Abdurrahman Tiani ya rusa majalisun a ranar 4 ga Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun su kansu. Daga Cadawa har Tsibiri, wanda ke riƙe da ofishin magajin gari a yau daga Yamai takardar naɗinsa ta fito.