Manhajojin Sirri da Siyasar Zaɓe a Maraɗi

Zaɓen shugaban ƙasa da aka yi a Jamhuriyar Nijar zagaye biyu, ranar 27 ga Disamba 2020 da ranar 21 ga Fabrairu 2021, ya samu wayar salula ta riga ta zama babban dandalin siyasa a birnin Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Tibiri, fadar Sarkin Gobir, da Jiratawa ta manoman rani. Magoya bayan Mohamed Bazoum na jam'iyyar PNDS-Tarayya da na Mahamane Ousmane na RDR-Canji sun yi hamayyarsu a filin gangami, amma muhawarar yau da kullum ta fi zafi a zaurukan WhatsApp, musamman ta saƙon murya, domin shi ne ya ba wanda bai yi boko ba damar tofa albarkacin bakinsa da Hausarsa ba tare da neman mai rubuta masa ba.

A tsakanin zagayen biyu ne, cikin watan Janairun 2021, kamfanin WhatsApp ya sanar da sabbin sharuɗɗa da suka shafi musayar bayanai da Facebook, lamarin da ya sa miliyoyin mutane a duniya suka koma Signal da Telegram. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga hannun mai aikawa zuwa hannun mai karɓa, wato saƙon yana fita daga waya a rikiɗe, babu mai iya warware shi a hanya, ko kamfanin sadarwa ko ma'aikacin gwamnati, sai wayar da aka nufa da shi. Signal ma haka take aiki, sai dai ta ɗara da cewa bayanan da take ajiyewa game da mai amfani da ita kaɗan ne ƙwarai. Telegram kuwa, wadda da yawa ke ɗauka ta fi kowace tsaro, ba ta yi wa hirar yau da kullum da ta zauruka irin wannan kulli, sai mutum ya buɗe hirar sirri da kansa. Ban da abin da saƙo ya ƙunsa, akwai kuma sawun da yake bari, wato wa ya tuntuɓi wa, da wane lokaci, daga wane wuri. Kuma tun da ba a sayar da layi sai da takardar shaida, kiran waya da gajeren saƙo na yau da kullum a ɗaure suke da sunan mai layin.

Ra'ayoyin jama'a game da waɗannan manhajoji sun rabu. Ɗalibai, kamar na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da 'yan jarida da 'yan ƙungiyoyin fararen hula sun fi karkata ga cewa sirrin magana haƙƙi ne, kamar yadda labulen rumfar zaɓe yake haƙƙi. Wasu kuma, galibi dattawa da 'yan kasuwa, na ganin mai gaskiya ba ya ɓuya, kuma kullin da ke kare mai sukar gwamnati shi ne ke kare mai ƙirƙirar ƙarya. Wannan zargi na biyu yana da ƙamshin gaskiya, domin saƙon murya na ƙarya game da maguɗi ko game da asalin ɗan takara kan zaga gari kafin a yi la'asar, kuma babu mai iya bin sawunsa zuwa bakin da ya fara furta shi. Dalili ke nan da ya sa WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019.

Sai dai muhawarar kan wace manhaja ta fi wata tana kauce wa inda sirri ya fi yoyo a gari irin Maraɗi. Waya ɗaya takan yi yawo tsakanin maigida da uwargida da yara. Idan wuta ta ɗauke, ana kai ta rumfar mai caji, a liƙa mata 'yar takarda mai lamba, a jera ta a kan katako tare da wasu gommai, sau da yawa ba tare da lambar sirri ba. Idan ta lalace, mai gyara a kasuwa yakan ce a buɗe masa ita don ya gwada, sai a bar masa ita ta wuni. Wanda bai iya karatu ba kuwa, wani yaro ne a fada, wato majalisar shayin samari, ya buɗe masa asusun tun farko, kuma shi ne ke share masa saƙonni idan wayar ta cika. A zauren da ke da mutum ɗari biyu, kullin saƙo ba ya hana ɗaya daga cikinsu ya tura muryar wani ga abokin hamayya ko ga jami'in tsaro, ga kuma murya shaida ce da ta fi rubutu wuyar musantawa a garin da kowa ya san lafazin kowa.

Abin da ya biyo bayan zaɓen ya nuna wata iyakar da manhajojin ke da ita. Hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana Bazoum a matsayin wanda ya yi nasara da kashi 55 da ɗoriya ranar 23 ga Fabrairu, tarzoma ta ɓarke a Yamai da wasu garuruwa, kuma daga washegari aka katse intanet na wayar salula har kusan kwana goma. Manhajar VPN, wadda ke bi da sadarwar mutum ta wata ƙasa don ta ɓoye inda ya nufa, ta yi wa 'yan Najeriya amfani lokacin da aka toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, saboda a can ƙofa ɗaya aka rufe. Amma inda aka datse hanyar gaba ɗaya, ba ta da abin da za ta bi. Wannan katsewa ta fi cutar ɗan kasuwar Maraɗi da ke cinikin kaya da Katsina da Kano ta hoto da saƙon murya fiye da ɗan siyasar da aka nufa da ita.

Doka ce ta fi manhaja tasiri a kan abin da mutum zai iya faɗa. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, wadda ta samar da hukumar HAPDP, kuma kundin masu zaɓe na 2020 ya tattara hoto da zanen yatsun mutum fiye da miliyan 7. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet, wadda da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yunin 2020 kan wani rubutu a Facebook, sannan a shekarar 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta halatta sauraren sadarwa da sunan tsaron ƙasa. Gwamnatin Bazoum ta cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet a 2022, amma gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani, wadda ta karɓi mulki bayan juyin 26 ga Yulin 2023, ta maido da shi a Yunin 2024, kuma a Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya tare da tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara biyar.